Ku Tambaya: Ƙaton gini babu taga a bayan gidanmu, wa ya ba su izini?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru a kan cibiyoyin data ɗin nan da ake ta ginawa a Riyad da Jidda da Dammam, na tsamo guda biyar, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri dan kusan duk tambayar ɗaya ce.

TAMBAYA: Malam dan Allah ina da tambaya. Mu muna zaune a kudancin Jidda, bayan hadad ɗin da akayi, wato rushe unguwanni, muka dawo nan, toh yanzu akwai wani mustauda, wato wurin ajiyar kaya, da aka rushe a bayan layinmu ana gina wani ƙaton gini babu taga ko ɗaya sai katanga da kamara, yarona yace wai cibiyar data ce ta intanet. Wlh hankalina ya tashi, wasu sunce yana kawo ciwon daji wasu sunce ƙarshenta tashinmu za'a sake yi. Wai haka kawai mutum zai zo ya dasa irin wannan abu a cikin mutane? Daga wata uwa a Jidda.

AMSA: Hajiya Allah ya kwantar miki da hankali. Bari in fara da maganar ciwon daji dan ita ce tafi tayar da hankali, babu wannan maganar. Abinda ke cikin ginin kwamfutoci ne jere a cikin kabad-kabad na ƙarfe, da wayoyi, da batura, da injinan sanyaya wuri. Duk lokacin da kika buɗe Absher, manhajar hidimomin gwamnati, ko kika tura kuɗi ta banki ko kika nemi izinin umra a Nusuk, wani gini irin wannan ne yake amsa miki. Ba ya fitar da wani tururi da zai ratsa bango ya shiga jikin mutum, kuma rashin tagar ma saboda zafi da ƙura da tsaro ne.

Amma fa bazan ce miki babu abin damuwa ba, akwai, kawai ba inda mutane suke kallo bane. Abinda maƙwabcin irin wannan gini yake fama dashi shine ƙara. Injinan sanyi suna kan rufi ko a gefen katanga, basa hutawa dare da rana, da rana hayaniyar titi tana rufe su amma ƙarfe biyun dare in gari yayi tsit zaki ji wani gunji ƙasa-ƙasa wanda baya tsayawa. Sannan akwai manyan muwallid, wato janareta, na dizal da suke ajiyewa saboda ɗaukewar wuta, ko wuta bata ɗauke ba sai sun tayar dasu lokaci-lokaci dan gwaji, ga hayaƙi ga tankunan mai. Ga kuma batura, a watan Oktoba na 2022 gobara ta tashi a ɗakin batura na wata cibiya a Pangyo ta Koriya ta Kudu, manhajar KakaoTalk da kusan kowa a ƙasar yake amfani da ita ta tsaya cak. Toh kinga waɗannan sune abubuwan da ya kamata a tambaya, wane ɓangare injinan zasu kalla, nisan tankin mai da gidaje nawa ne, motar kashe gobara zata iya shiga layin ko a'a.

Maganar izini kuma, a'a ba haka kawai ake dasawa ba, hannu da yawa ne a ciki. Lasisin gini daga Amana da baladiyya, wato hukumomin birni, yake fitowa ta dandalin Baladi, su ne suke duba ko filin na zama ne ko na kasuwanci ko na masana'anta. Difa'ul Madani suna duba harkar gobara. Kamfanin kahraba shi zai ce akwai wutar da za'a basu ko babu. Akwai cibiyar ƙasa mai kula da bin dokar muhalli. Sannan hukumar sadarwa wadda ake kira CST ta fitar da ƙa'idoji na musamman akan masu cibiyoyin data da suka fara aiki a farkon 2024, dole mai wannan sana'a yayi rajista a wajenta kuma an kasa su aji-aji gwargwadon ingancin ginin. Inda ni nake ganin giɓi shine, kowace hukuma tana duba nata ɓangaren ne, CST damuwarta kar bayanan mutane su salwanta kar sabis ya yanke, mai wuta damuwarsa layinsa, amma matar da tagar ɗakinta take kallon injin fa, ita a wace takarda aka rubuta ta? Ni a ganina kafin a zuba siminti ya kamata a liƙa sanarwa a unguwa da Larabci mai sauƙi, a faɗi me za'a gina, a auna ƙarar wurin kafin da bayan, kuma a ɗora ma kamfani sharaɗin katangar da take shanye ƙara. Wannan ba wani kuɗi bane a wajen mai zuba ɗaruruwan miliyoyin riyal.

Tsoron tashi kuwa Hajiya na fahimce ki sarai, duk wanda ya ga abinda ya faru daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 a Gulail da Bitrumin da Sabil da Karantina da Kandara bazai ga laifinki ba. Mutane sun wayi gari sunga an fesa jan fenti a bangonsu an rubuta ikhla, wato a tashi, cikin ɗan lokaci aka yanke wuta da ruwa, 'yan uwanmu da aka haifi iyayensu a waɗannan lungunan suka ɗaure katifa a saman dabbab, ƙaramar motar kaya, suna neman shikka, wato gidan haya, da kuɗin hayar da ya ninka, kuma mai haya bashi da diyya tunda ba shi ya mallaki gidan ba. Sai dai wancan shiri ne na rushe unguwannin da hukuma tace basu da tsari, ba shi da alaƙa da cibiyoyin data, kuma ginin da kike magana a filin mustauda yake ba a filin gidaje ba. Abinda zai iya taɓa ku a hankali shine kuɗin ijar in manyan kamfanoni suka fara zawarcin filayen yankin. Shawarata, a gaban kowane gini da ake yi akwai allo mai lambar lasisi da sunan ɗan kwangila, yaronki ya ɗauki hotonsa ya ajiye. In ƙara ko hayaƙi ya dame ku a kira 940 a shigar da balagi a karɓi lambar ƙorafi, kuma ku nemi mai gidan da umdan unguwa su sa baki, dan maganar mai sak, wato takardar mallakar gida, a hannu tafi saurin shiga.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni damuwata wuta ce, ance cibiya ɗaya tana shan wutar gari guda, toh mu da muke kwana da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, wata bakwai a shekara ya zamuyi, fatura, wato kuɗin wuta, zata ƙaru kenan? Daga wani direba a Riyad.

AMSA: Ƙanena ka taɓo ainihin wurin, dan duk rigimar da ake yi a duniya akan gine-ginen nan wuta ce kafin komai. Ka riƙe jawwal ɗinka kana kallon bidiyo na rabin awa kaji yadda yake ɗumi a tafin hannunka, toh ka ɗauka dubun dubatar irinsa ne masu ƙarfi ninkin ba ninkin a ɗaki ɗaya basa mutuwa, duk wutar da suka sha zafi take komawa kuma sai an sake kashe wata wutar an fitar da zafin. Babbar cibiya tana iya neman megawat 100. In ka ƙaddara mukayyif ɗaya yana jan kilowat 2, kaga mukayyif 50,000 kenan a kunne lokaci guda, rani da hunturu. Hukumar makamashi ta duniya tace a 2024 cibiyoyin data sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya, zaka ga kamar kaɗan ne, matsalar ita ce basa watsuwa, wuri ɗaya suke cunkushewa su danne tashar wuta ɗaya.

Ka duba Singafo, tsibiri ne ƙarami babu fili babu mai babu komai sai tsari. A 2019 suka dakatar da bada izinin sabbin cibiyoyi gaba ɗaya, a 2020 ma cibiyoyin suna shan wajen kashi 7 cikin ɗari na wutar ƙasar. Sai 2022 suka ɗage, kuma da suka ɗage basu buɗe ƙofa kowa ya shigo ba, cewa sukayi kowa ya kawo takardarsa a gani waye yafi tattalin wuta, a 2023 suka raba megawat 80 kacal ga masu nema huɗu. Waɗanda basu samu ba suka tsallaka Johor ta Maleshiya. Amsterdam ma a 2019 ta tsayar na wani lokaci har ta zana inda aka yarda da inda ba'a yarda ba. Ireland kuwa da ta saki jiki, a 2023 cibiyoyin data sun cinye kashi 21 cikin ɗari na wutar da aka auna a ƙasar, dole aka taƙaita haɗa sabbi a yankin Dublin. Wanda yafi bani tausayi shine na yammacin Landan a 2022, aka gaya ma masu gina gidajen zama cewa zasu iya jiran shekaru kafin a haɗa masu wuta a wasu unguwanni, saboda cibiyoyin data sun riga sun kama layi sun ɗauke abinda tashoshin yankin zasu iya bayarwa. Mutane suna neman wurin kwana, wuta kuma an riga anyi alkawarinta ma injina.

Mu nan Saudiyya ba ƙarancin makamashi ke damunmu ba, akwai gas akwai rana akwai fili. Amma layin da ke shiga unguwa da tiransifoma suna da iyaka, kuma kowa yasan a Yuli da Agusta da azahar ake gane ƙarfin layi, lokacin da fiye da rabin wutar gida mukayyif ke shanyewa. Gwamnati tun 2021 ta sanar da burin kaiwa sama da megawat 1,300 na cibiyoyin data kafin 2030, daga baya kuma buri ya ƙaru sosai da aka kafa kamfanin Humain a watan Mayun 2025 dan harkar ƙirƙirarriyar basira, ga Oracle a Jidda tun 2020, ga Google a Dammam tun 2023, ga Amazon da ta sanar da zuba dala biliyan 5.3. Abu ne mai kyau ga ƙasa ban musa ba. Fatura kuwa farashin gidaje gwamnati ce take yankewa, halala 18 kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abinda ya haura halala 30, dan an gina cibiya kusa da kai ba zai canza wannan lissafi ba kai tsaye. Abinda nake so a rubuta a doka ƙarara shine, duk kamfanin da ke son megawat masu yawa shi zai biya kuɗin sabuwar tasha da layinta, kar a raba kuɗin a kan talakawa ta bayan gida, kuma a ware ma gidaje da asibitoci da makarantu kasonsu na shekaru masu zuwa kafin a sayar da ragowar.

Kar a manta da ruwa. Wasu cibiyoyin da ruwa suke sanyaya kansu yana tashi ya zama tururi, manya a cikinsu suna iya shan miliyoyin lita a rana, mu kuwa ruwan Jidda da Makka daga teku ake tace shi a irin su Shu'aiba da wuta mai yawa, kuma wanda ya taɓa bin layin wayit, wato tankar ruwa, a Jidda yasan darajar ruwa. Akwai tsarin da ruwan yake zagayawa a rufe baya ƙarewa sai dai yafi cin wuta, akwai kuma amfani da ruwan da aka tace daga magudana. Ruwan sha dai bai kamata ya shiga wannan lissafi ba sam.

TAMBAYA: Ɗana, ga sahara nan iya ganinka, me ya hana su kai abinsu can su bar mana gari? Daga wani dattijo a Makka.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya, maganarka tana kan hanya, rabi ma haka ya kamata ayi. Kamfanoni suna son cikin gari ne saboda nan wayoyin intanet suka haɗu, nan tashoshin wuta suke, nan injiniya zai iso cikin minti ashirin in abu ya lalace da tsakar dare. Jidda kuma tana da wani dalili na daban, manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa Turai da Asiya ta Bahar Maliya da yawansu a nan suke fitowa tudu, shi yasa da wasu suka yanke kusa da Jidda a watan Satumba na 2025 aka ji jinkirin intanet har Indiya da Pakistan. Sahara kuwa fili ne kawai, sai ka ja wuta ka ja waya ka yi hanya, ga ƙura tana toshe matatun iska.

Amma saƙo a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, wato in ka matsar da gini kilomita 40 ko 50 bayan gari babu ɗan adam ɗin da zai ji bambanci a wayarsa. Dan haka ni abinda nake goyon baya shine a raba su gida biyu, ƙananan da suke haɗa layuka da na bankuna su zauna cikin gari a yankin kasuwanci, manya-manyan nan masu horar da ƙirƙirarriyar basira kuma a kaisu garuruwan masana'antu irin na MODON ko bakin teku inda aka tanadar masu wuta. A Jidda dole a ƙara da duba hanyar ruwa, wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009 da ta 2022 bazai yarda a saka ɗakin batura a cikin kwari ba.

TAMBAYA: Salam malam, ni daga Gadarif nake rubutowa. Muna karanta ku a nan. Mu namu ya sha bamban, lokacin da shabaka, wato layin waya da intanet, ta ɗauke Bankak, manhajar tura kuɗi ta banki, ya tsaya ko kuɗin burodi babu, 'yan uwa a Saudiyya suna son turo mana babu hanya. In Allah ya kawo zaman lafiya aka tashi sake gina Khartum, me ya kamata a gyara a wannan fanni?

AMSA: Ɗan uwa Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abinda ya same ku shine babban darasin da duk mai tsara birni ya kamata ya karanta. Kafin 15 ga Afrilun 2023 kusan komai na Sudan a Khartum yake, manyan injinan kamfanonin waya, na bankuna, na ma'aikatu, duk a cikin 'yan unguwanni kaɗan. Da yaƙi ya shiga birnin, wanda ya riƙe ginin shi ya riƙe numfashin ƙasa. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, mutane sukayi makonni babu kira babu tura kuɗi a lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya kowa ya koma Bankak, har ta kai ana biyan kuɗi a zauna kusa da na'urar Starlink na awa ɗaya dan a ji ko uwa tana raye. Mu ma nan mun ga mutane a Jidda riƙe da riyal a hannu suna kuka saboda babu ta inda zai isa Madani ko Sinnar ko Mai Wurno.

Da aka koma aka kafa sabbin injina a Port Sudan abubuwa suka fara dawowa, kuma wurin yana da dalili dan nan wayoyin teku suke sauka har da waɗanda suka haɗa shi da Jidda kai tsaye. Amma a watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari Port Sudan ɗin ma, aka ƙona rumbunan mai. Kenan ɗauke komai daga birni ɗaya a tara a wani birni ɗaya bai warware ba. Abinda doka ya kamata ta tilasta shine duk banki da kamfanin waya da ofishin rajistar 'yan ƙasa su mallaki wuri na biyu a wata jiha mai nisa, wanda baya kan layin wuta ɗaya da na farko, kuma a dinga gwada komawa kansa ana gani yana aiki, sannan a yarda a ajiye kwafin muhimman bayanai a rufe a wata ƙasa da aka yi yarjejeniya da ita. Wannan na ƙarshen ya shafe mu sosai mu Hausawan Sudan, dan mun san wahalar da ake sha wajen tabbatar da jinsiyya da rakam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, ko da takardu suna nan, balle ace rajistar kakanka ta ƙone a gini ɗaya babu kwafi. Kuma kar a sake gina su jikin barikin soja ko filin jirgi, a nesanta su da duk abinda mai yaƙi zai fara nema.

TAMBAYA: Yaya ni dai aiki nake nema, an haife ni a nan ina da ikama, na iya gyaran mukayyif da haɗa wuta. Akwai rabonmu a ciki? Daga wani matashi a Madina.

AMSA: Akwai ƙanena amma kar ka sa rai da yawa. Lokacin gini ana ɗaukar ɗaruruwan mutane, in an gama kuwa ƙaton ginin nan mutane kaɗan ne suke tafiyar dashi, kuma wasu guraben kamar gadi an keɓe su ma 'yan ƙasa. Sa'arka ɗaya sana'arka ita ce zuciyar wurin, sanyi da wuta. Ka matsa daga mukayyif na taga da isbilit ka koyi manyan chila masu aiki da ruwan sanyi, da muwallid, da baturan da suke riƙe wuta kafin muwallid ya tashi, in ka samu dama ka ƙara da haɗa wayar gilashi. Ka tabbata mihnar da ke kan ikamarka ta dace da aikin, ka zauna jarrabawar fahasul mihani, wato gwajin ƙwarewa a sana'a, ka riƙe shaidarka, sannan ka nemi kamfanonin siyana da suke karɓar kwangilar kula da gine-ginen, dan yawanci ta hannunsu ake shiga ba ta hannun masu cibiyar ba. Ka ɗan dage da Turancin aiki shima, littattafan injinan da rahoton da ake cikewa kowane shifti duk da shi ake rubutawa.